Oliver Ellsworth, sanatan da ya gina kotun da wani ya yi suna a cikinta

A watan Satumban 1778, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan jihar Connecticut mai suna Gideon Olmsted da abokansa uku suna tsare a hannun Turawan Ingila cikin wani ƙaramin jirgi da ake kira Active. Jirgin ya taso daga Jamaika ne ya nufi New York da kayan sojojin Ingila. Da suka ga dama ta samu, sai mutanen nan huɗu suka yi wa ma'aikatan jirgin bore, suka kulle su a ƙasan jirgi, suka juya akalarsa zuwa gaɓar New Jersey. Suna dab da isa sai wani jirgin yaƙi na jihar Pennsylvania ya tare su, ya ja su zuwa Philadelphia, kyaftin ɗinsa ya ce ganimarsa ce.

Kotun jihar ta ba Olmsted da mutanensa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ganimar. Bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa wani kwamiti na majalisar haɗin gwiwar jihohi, wanda shi ne kawai abin da ya yi kama da kotun ƙasa a lokacin. Kwamitin ya duba ya ce kuɗin duka nasa ne. Pennsylvania ta ce ta ji, amma ba za ta biya ba, domin dokarta ba ta yarda wani ya taɓa abin da masu taya alƙali yanke hukunci suka tabbatar ba. Kwamitin ba shi da dogari ko ɗaya da zai aika. Sai a 1809 Olmsted ya karɓi haƙƙinsa, bayan shekara 30 da 'yan kai, kuma ko a lokacin sai da gwamnan Pennsylvania ya fito da dakarun jiha suka tare jami'in kotun tarayya a kan titin Philadelphia kafin a ƙarshe jihar ta sauko.

Cikin waɗanda suka zauna a kwamitin da aka watsa wa ƙasa a ido akwai wani lauya ɗan shekara 33, shi ma ɗan Connecticut, Oliver Ellsworth. Duk wanda yake son ya gane abin da mutumin nan ya yi a sauran rayuwarsa, ina ganin daga nan ya kamata ya fara, domin a nan ne ya ga da idonsa yadda hukunci yake zama takarda kawai idan ba a tanadi hanyar zartar da shi ba.

Yau idan aka tambayi ɗalibin shari'a wa ya ba Kotun Ƙolin Amurka ƙarfin da take taƙama da shi, ba tare da dogon tunani ba zai ce John Marshall, alƙalin alƙalai na huɗu. Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin labarin ke nan. Marshall bai ƙirƙiro hanyar da ƙararraki suke isa gabansa ba, tarar da ita ya yi a shimfiɗe cikin wata doka ta 1789, kuma wanda ya rubuta dokar ɗan siyasa ne da ya fi ƙwarewa a ciniki da ƙidayar ƙuri'u fiye da zurfin falsafa. Ra'ayina shi ne Ellsworth sanata ya fi Ellsworth alƙali nauyi nesa ba kusa ba, kuma baiwar da ta sa ya iya gina kotun ita ce dai ta kai shi ga cinikin da ba shi da kyan gani.

An haife shi a garin Windsor a 1745. Mahaifinsa ya so ɗan nasa ya zama limamin coci, ya tura shi Yale, daga can ya koma kwalejin da yanzu ake kira Princeton ya gama a 1766. Ya ɗan taɓa karatun addini ya ga ba nan zuciyarsa take ba, ya koma shari'a, aka ba shi izinin aikin lauya a 1771. Farkon abin bai zo da sauƙi ba. Ana ba da labarin cewa saran itace ya riƙa yi yana sayarwa don ya biya bashin makaranta, kuma da ƙafa yake takawa zuwa kotu a Hartford ya dawo saboda ba shi da doki. Auren da ya yi cikin gidan Wolcott, manyan gidan siyasar jihar, ya buɗe masa ƙofofi, sauran kuma naci ne. Kafin a je ko'ina ya zama lauyan gwamnati na gundumar Hartford, ya shiga kwamitin da ke kula da kuɗin yaƙi na jihar, ya wakilce ta a majalisar haɗin gwiwa, sannan a tsakiyar shekarun 1780 ya hau kujerar alƙali a babbar kotun Connecticut. Waɗanda suka san shi sun ce mutum ne mai tsantseni da kuɗi, mai yawan shaƙar garin taba, wanda idan tunani ya ɗauke shi yakan yi ta magana shi kaɗai ko da akwai baƙi a ɗakin.

A taron rubuta kundin tsarin mulki da aka yi a Philadelphia a 1787, abin da ya kusa wargaza zaman shi ne rabon kujerun majalisa. Manyan jihohi irin su Virginia da Pennsylvania suka ce yawan jama'a ne zai yi magana a majalisun biyu. Ƙanana irin su Delaware da New Jersey suka ce idan haka ne an haɗiye su ke nan, gara su koma gida. Ranar 29 ga Yuni Ellsworth ya miƙe ya kawo shawarar cewa tunda an riga an bar majalisa ta farko ga yawan jama'a, to a ta biyu kowace jiha ta samu ƙuri'a daidai da ta 'yar'uwarta. Hujjarsa ba ta da wani ado. Cewa ya yi ƙasar da ake ƙoƙarin haɗawa ta wani ɓangaren al'umma ɗaya ce, ta wani ɓangaren kuma taron jihohi ne, saboda haka majalisar ta nuna fuskokin biyu. James Madison, wakilin Virginia, ya yi ta kawo misalai daga tarihin Girkawa da na Jamus don ya rusa maganar, amma aka kaɗa ƙuri'a ranar 2 ga Yuli aka yi kunnen doki. Ranar 16 ga wata aka amince da sasancin da jihohi 5, 4 suka ƙi, wakilan Massachusetts kuma suka rabu biyu. Shi da abokin tafiyarsa Roger Sherman ake jingina wa wannan maslaha, shi ya sa ake kiranta da sunan jiharsu.

Mu ma a Najeriya muna zaune a inuwar wannan ciniki tun da muka ɗauko tsarin shugaban ƙasa a 1979. Kano tana da kujeru 24 a Majalisar Wakilai, Bayelsa tana da 5, amma idan aka haura Majalisar Dattawa kowacce sanata uku ne da ita. Ɗan Kano zai iya cewa an ƙware shi, kamar yadda ɗan California yake cewa idan ya dubi Wyoming. Ba na jin akwai wata hujjar adalci da za ta wanke tsarin gaba ɗaya. Abin da ya wanke shi a 1787 shi ne in ba shi ba da babu ƙasar, kuma Ellsworth bai taɓa yin da'awar fiye da haka ba.

A watan Agusta na wannan taron ne irin wannan tunani ya nuna ɗaya fuskar tasa. Aka zo kan maganar safarar bayi daga Afirka. Luther Martin na Maryland ya nemi a ba gwamnatin tarayya ikon hana ta ko sa mata haraji. George Mason na Virginia, wanda shi kansa yana da bayi da yawa, ya la'anci cinikin. Wakilan South Carolina da Georgia suka ce idan aka taɓa shi ba su cikin tafiyar. Sai ga Ellsworth, mutumin arewa, wanda ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa mallakar bawa ba, ya tashi ya tsaya wa mutanen kudu. Ya ce kyau ko munin bauta lamari ne na kowace jiha, kuma abin da ya arzuta wani ɓangare ya arzuta ƙasa duka. Ya ƙara da wani hasashe: yawan jama'a zai ƙaru, talakawa masu neman ƙwadago za su yi yawa har bawa ya rasa amfani, bautar ta mutu da kanta.

Ba a taɓa yin hasashen da ya kuskure irin wannan ba. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000 a Amurka. Ta 1860 ta nuna kusan miliyan 4. Shekara shida bayan jawabin nasa Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga, wanda ya mai da noman auduga hanyar kuɗancewa, ya kuma ninka buƙatar bayi, kuma a New Haven, cikin jihar Ellsworth, ya kafa masana'antarsa. Kundin da aka rubuta ya hana majalisa haramta safarar har 1808. South Carolina ta sake buɗe tashoshinta a 'yan shekarun ƙarshe kafin wa'adin ya cika, aka sauke 'yan Afirka wajen 40,000 a Charleston. Cikinsu akwai wani malami daga Futa Toro, Umar ɗan Sa'id, wanda aka kawo a 1807, daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya kuma mutu yana bawa a 1860 da 'yan kai.

Masu kare Ellsworth sukan ce ba shi da zaɓi, ko a yarda ko jihohi biyu su fice. Wataƙila. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya haɗiye abu yana ɓata fuska da wanda ya tashi ya ƙawata shi da hujja. Jihohin New England, yankin su Ellsworth, suna da jiragen dakon kaya, suna son a bar majalisa ta yi dokokin sufurin ruwa da ƙaramin rinjaye, kudu kuma tana son bayi. Kowa ya samu abin da ya zo nema, waɗanda aka yi cinikin a kansu kuwa ba su cikin ɗakin.

Bai sa hannu a kundin ba, domin ya koma gida kafin a kammala, ko da yake yana cikin mutum biyar ɗin da suka tsara daftarin farko. Amma ya yi masa yaƙi a jaridu da jerin wasiƙu da ya sa wa hannu da sunan wani mai gona. A taron amincewa na Connecticut, a watan Janairun 1788, ya yi jawabin da nake ganin ya fi duk wani hukunci da ya yanke daga baya. Ya ce babu gwamnatin da za ta rayu ba tare da ikon tilastawa ba, tambayar kawai ita ce da me za a tilasta, da doka ko da makami. Makami a kan jiha ake ɗaga shi, ya ci mai laifi da marar laifi. Doka kuwa mutum ɗaya take kamawa, wanda ya karya ta. Ya kuma faɗa ƙarara cewa idan majalisar tarayya ta wuce iyakarta, ko jiha ta wuce tata, alƙalai masu zaman kansu za su ce dokar ba doka ba ce. Wannan shekara 15 ke nan kafin Marshall ya faɗi haka daga kan kujera. Connecticut ta amince da ƙuri'a 128, masu ƙi 40.

Kundin tsarin mulkin bai faɗi abu mai yawa a kan kotuna ba. Ya ce za a yi Kotun Ƙoli guda ɗaya, da ƙananan kotuna idan majalisa ta ga dama. Alƙalai nawa, a ina za su zauna, wace ƙara za ta je gabansu, ta wace hanya, duk an bar wa majalisa ta farko. Majalisar Dattawa ta samu adadin da zai ba ta damar zama ranar 6 ga Afrilun 1789 a New York, washegari ta kafa kwamitin tsara kotuna, Ellsworth kuma ya zama ƙashin bayansa, William Paterson na New Jersey yana taya shi. Ƙudirin da suka kawo shi ne na farko a tarihin majalisar. Daftarin na nan har yau, sassa da yawa da rubutun hannunsa.

A lokacin majalisar a rufe take zama, ba 'yan jarida ba 'yan kallo. Yawancin abin da muka sani daga littafin sirri na William Maclay ne, sanatan Pennsylvania, mutum mai zargin kowa, wanda ya tsani ƙudirin. Shi ya bayyana Ellsworth yana kare kowane sashe kamar uba yana kare ɗansa, har da fushi idan aka taɓa. Maclay yana ganin tarko ne aka ɗana don a janye dukkan shari'u daga kotunan jihohi. Richard Henry Lee na Virginia ya nemi a taƙaita ƙananan kotunan tarayya ga shari'un teku kawai, aka kayar da shi. Ƙudirin ya wuce da ƙuri'a 14 da 6, Shugaba George Washington ya sa masa hannu ranar 24 ga Satumba.

Abin da ke burge ni a dokar shi ne yawan abin da ta ƙi ɗauka. Ta kafa Kotun Ƙoli mai alƙalai 6, kotunan gunduma 13, da shiyyoyi uku da alƙalan Kotun Ƙolin za su riƙa zuwa rangadi sau biyu a shekara. Ta ƙirƙiro ofishin babban lauyan gwamnati, da lauyoyin tarayya, da jami'an zartar da hukunci a kowace gunduma, wato dogaran da kwamitin 1778 ya rasa. Amma ba ta ba kotunan tarayya duk hurumin da kundin ya halatta ba. Ƙara tsakanin mutanen jihohi daban-daban, ko da baƙo, ba ta shiga kotun shiyya sai kuɗin da ake jayayya a kai ya haura dala 500. Wannan adadi ba da ka aka sa shi ba. Manoman taba na Virginia suna da tarin basussukan 'yan kasuwar Birtaniya tun kafin yaƙi, yarjejeniyar sulhu ta 1783 kuma ta ce a biya. Akasarin basussukan ƙanana ne, saboda haka iyakar ta bar su a kotunan jiha, inda maƙwabtan mai bashi ne za su yanke hukunci. Dokar ta kuma ce a shari'un yau da kullum kotun tarayya ta yi aiki da dokar jihar da take zaune a ciki. Hatta ƙarar da ta taso kai tsaye daga dokar tarayya, galibi a kotun jiha za ta fara, kuma haka aka ci gaba har 1875.

Duk wannan sassaucin ya yi shi ne don ya tsira da abu ɗaya, sashe na 25. Sashen ya ce idan babbar kotun wata jiha ta soke dokar tarayya ko yarjejeniyar ƙasa, ko ta tabbatar da dokar jiha da aka ce ta saɓa wa kundin tsarin mulki, ko ta hana mutum wani haƙƙi da ya nema a ƙarƙashin kundin, to ana iya kai maganar Kotun Ƙoli ta duba. A lura da dabarar. Idan kotun jiha ta goyi bayan tarayya, maganar ta ƙare a nan. Sai idan ta juya mata baya ne ƙofa take buɗewa. Jihohi sun riƙe kusan komai, amma kalmar ƙarshe a kan ma'anar kundin ta bar hannunsu. Da ya nemi duka a 1789, da abokan hamayya sun haɗu sun kayar da shi, wataƙila ma su jawo taron sake rubuta kundin, wanda a lokacin wasu jihohi suna ta kira a yi.

A majalisar ya zama jagoran masu goyon bayan gwamnati ba tare da an naɗa shi ba. Ana danganta wa wani abokin zamansa a majalisar, Aaron Burr, ba'ar cewa da Ellsworth zai yi kuskuren ƙara harafi a rubutun sunan Ubangiji, sai majalisar ta yi makonni kafin ta iya cire shi. Da Rhode Island ta ƙi shiga tarayyar, shi ya tura ƙudirin yanke hulɗar kasuwanci da ita a watan Mayun 1790. Kafin wata ya ƙare jihar ta amince da kundin da ƙuri'a 34 da 32. Mai wa'azin tilasci da doka ya nuna ya san tilasci da yunwa ma. A 1794, da yaƙi da Birtaniya ya ƙarato, yana cikin 'yan sanatocin da suka shawo kan Washington ya tura manzo Landan, aka tura John Jay, wanda shi ne alƙalin alƙalai a lokacin. Yarjejeniyar da Jay ya dawo da ita ta fusata jama'a har ana ƙona mutum-mutuminsa a tituna, amma ta wuce a majalisa da ƙuri'a 20 da 10, daidai kashi biyu cikin uku da ake buƙata, ba ragowar ko ɗaya.

Hanyar da ta kai shi kujerar alƙalin alƙalai ta wannan rigimar ta bi. Jay ya ajiye aiki ya zama gwamnan New York, abin da ke nuna darajar kujerar a wancan zamani. Washington ya naɗa John Rutledge na South Carolina lokacin majalisa tana hutu, shi kuma ya je Charleston ya yi wa yarjejeniyar Jay wankin babban bargo a bainar jama'a. A watan Disambar 1795 majalisa ta ƙi tabbatar da shi da ƙuri'a 14 da 10, Ellsworth yana cikin masu ƙi. Aka ba William Cushing, ya ce ba ya so. A watan Maris na 1796 kujerar ta faɗo hannun Ellsworth da ƙuri'a 21 da 1. Ban ce ya kayar da Rutledge don ya gaje shi ba, babu shaidar haka. Amma karon farko da aka ƙi wanda shugaban ƙasa ya zaɓa wa Kotun Ƙoli, saboda ra'ayinsa na siyasa aka ƙi shi, kuma uban dokar kotunan yana cikin waɗanda suka kafa wannan al'ada.

Shekarunsa a kotun ba su da wani armashi. Ƙararrakin ba su da yawa, rashin lafiya ta hana shi zama a wasu manya, rangadi a kan munanan hanyoyi kuma ya ci ƙarfinsa kamar yadda ya ci na abokan aikinsa, ga shi kuwa shi ya rubuta musu wannan wahalar da hannunsa. Abu ɗaya mai ɗorewa da ya fara shi ne rage al'adar da aka gada daga Ingila ta kowane alƙali ya karanta nasa ra'ayin daban. Ya fi son kotu ta fito da gajeriyar matsaya guda. Marshall ya ɗauki wannan ya mai da shi makami.

Inda nake da ja da shi sosai shi ne yadda bai taɓa tuɓe rigar jam'iyya ba. A 1793 kotun Jay ta ƙi ba Washington shawarar shari'a a kan rikicin Turai, ta ce ba aikinta ba ne. Ellsworth kuwa, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa yana bayanin cewa Majalisar Wakilai ba ta da hurumin neman takardun yarjejeniyar Jay, wasiƙar kuma ta isa hannun shugaban ƙasa. Da aka yi dokar 1798 da ta sa sukar gwamnati ya zama laifi, wadda aka ɗaure 'yan jarida da ita, ya shaida wa sakataren harkokin waje a asirce cewa a ganinsa ba ta saɓa wa kundin ba, alhali ƙarar tana iya zuwa gabansa. A 1799, yana rangadi a Hartford, ya yanke wa wani Isaac Williams hukunci saboda ya yi wa Faransa aikin yaƙi a teku. Williams ya ce ai tuni ya zama ɗan Faransa. Ellsworth ya ce ba mai fita daga zama ɗan ƙasa sai da yardar ƙasar. Mutumin da ya yi wa Sarkin Ingila tawaye ne yake faɗar haka. 'Yan adawa na ɓangaren Thomas Jefferson sun yi ta yayata wannan hukunci a jaridunsu, kuma ban ga laifinsu ba.

A ƙarshen 1799 Shugaba John Adams ya maimaita abin da aka yi da Jay, ya tura alƙalin alƙalai aikin jakadanci. Jiragen Amurka da na Faransa suna ta artabu a teku ba tare da an shelanta yaƙi ba, manyan jam'iyyar Adams kuma, musamman Alexander Hamilton, ba sa son sulhu. Ellsworth ya tafi tare da William Davie, suka haɗu da William Vans Murray a can. Guguwa ta jefa jirginsu gaɓar Sifaniya, suka ƙarasa Paris ta ƙasa cikin tsananin sanyi, suka tarar gwamnatin da aka aike su wurinta ta faɗi, Napoleon ya karɓe mulki. Bayan watanni ana ja-in-ja da tawagar da Joseph Bonaparte, ɗan'uwan Napoleon, ya jagoranta, aka sa hannu a ƙarshen Satumban 1800. Faɗan teku ya tsaya, aka kuma kama hanyar warware ƙawancen da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1778, amma ba a samo diyyar jiragen 'yan kasuwar Amurka da Faransa ta kama ba. Abokansa na jam'iyya suka ce ciwo ya taɓa masa hankali. Ni kuwa ina ganin a nan ɗabi'arsa ta karɓar abin da ya samu ta yi amfani, domin ƙasa mai shekara 24 ba ta da abin yaƙi da Napoleon, kuma da ana cikin gaba da wuya Faransa ta sayar wa Amurka yankin Louisiana a 1803.

Tafiyar ta gama da lafiyarsa, ciwon tsakuwa ya kwantar da shi. Daga Faransa ya aiko da takardar murabus a watan Oktoba, ta isa hannun Adams a Disamba, daidai lokacin da ta tabbata ya faɗi zaɓe. Da Ellsworth ya jinkirta 'yan watanni, Jefferson ne zai cike gurbin. Adams ya sake miƙa wa Jay, Jay ya ce ba zai koma kotun da ba ta da ƙarfi da kwarjini ba. Sai ya juya ga sakatarensa na harkokin waje, John Marshall, a watan Janairun 1801.

A 1803, a shari'ar Marbury da Madison, Marshall ya soke wani yanki na dokar majalisa saboda ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma yankin da ya soke daga sashe na 13 na dokar Ellsworth ne, Ellsworth kuwa yana raye a Windsor, yana zama a majalisar gwamnan jiharsa. Ya rasu a watan Nuwamban 1807. Sashe na 25 shi ne ya zama fagen daga bayansa. Babbar kotun Virginia ta ce sashen haramtacce ne ta ƙi bin umarni, Kotun Ƙoli ta mayar wa jihar da martani a 1816 da kuma 1821. A 1831 masu ra'ayin 'yancin jihohi suka kai ƙudirin soke shi gaban Majalisar Wakilai, aka yi watsi da shi da ƙuri'a 138 da 51.